Yadda Za Ka Kawo Motar da Ka Saya a Wata Jiha Zuwa Bauchi Ba Tare da Saɓa Doka Ba

Da yawa daga cikin motocin da ke yawo a titunan Bauchi ba a Bauchi aka saye su ba. Wasu daga Legas aka taho da su, inda jiragen ruwa ke sauke su a tashar Tin Can, wasu daga wuraren dillalan Kano da Kaduna da Abuja, wasu kuma daga hannun ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki a Jos yana neman rabuwa da tasa cikin gaggawa. Mai saye yakan zuba hankalinsa gaba ɗaya a kan inji da giya da farashi, sai ya biya kuɗi ya karɓi makulli sannan ya tuna cewa akwai ɗaruruwan kilomitoci tsakaninsa da gida, kuma a kan wannan hanya akwai hukumomi huɗu da kowacce take da tata tambayar. Kwastam suna son sanin ko an biya wa motar kuɗin fito lokacin da ta shigo ƙasa. 'Yan sanda suna son sanin motar ta wane ce da yadda aka yi ta zo hannunka. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, suna duba lasisin direba da lambar mota da kayan kariya, su kuwa jami'an VIO na jihohi lafiyar motar ce abin dubawarsu. Takardar da ta gamsar da ɗaya ba ta gamsar da ɗayan, kuma kusan dukkan waɗannan takardu a garin da aka yi ciniki ake haɗa su, tun mai sayarwa yana tsaye a gabanka kuma kuɗinka bai bar aljihunka ba.

Abu na farko shi ne ka san wace irin mota ce a gabanka ta fuskar doka, domin motar da aka riga aka yi wa rajista a Nijeriya tana ɗauke da lamba hukuncinta daban, tokumbo kuma, wadda muke kira 'yar Kwatano ko Beljiyam, da ba a taɓa yi wa rajista ba ita ma hukuncinta daban. Game da ta farko, a cire wani tsoro da ke damun mutane da yawa: lambar Legas ko Kano ko Abuja halal ce a kowane titi na ƙasar nan muddin takardunta ba su ƙare ba, kuma babu jami'in da yake da hurumin tsare ka don kawai lambarka ta wata jiha ce. Abin da ake bincika shi ne ko lambar ta wannan motar ce, da kuma ko kai da ke tuƙa ta kana da hujjar mallaka.

Ko wace iri ce, daga lambar shasi ake farawa. Haruffa ne da lambobi guda 17, kuma ba a sa haruffan I da O da Q a cikinsu. Ka tsaya a waje ta gefen direba ka leƙa ƙasan gilashin gaba, za ka gan ta a wani ɗan ƙarfe. Ka buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin. Sannan ka sa bakanikenka ya nuna maka inda aka buga ta a jikin ƙarfen motar, wanda a wasu motoci yana cikin ɗakin inji, a wasu kuma ƙarƙashin kujerar gaba. Ka goge ƙura da tsumma, ka haska fitilar waya, ka karanta harafi bayan harafi wani yana bin takarda da yatsa. Idan ka ga alamar walda ko sabon fenti a daidai wurin, ko haruffan ba su zauna a layi ɗaya ba, ko harafi ɗaya tak ya saɓa da abin da ke takarda, to cinikin ya tsaya a nan. Dillali zai ce kuskuren mai buga takarda ne, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma gyaran wannan kuskure aikin mai sayarwa ne kafin a biya shi, domin jami'in da zai tsayar da kai a Akwanga bai san dillalin ba. Haka za a yi wa lambar inji.

Takardun kwastam su ne suka fi kowanne cin mutane, don haka sun cancanci a daɗe a kansu. Tun daga 1 ga Janairu, 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, amma motoci ba su daina ratsowa ta daji daga Jamhuriyar Benin da Nijar ba, kuma da yawansu suna yawo da takardun bogi ko takardun wata mota da aka sauya wa lamba. Akwai kuma waɗanda suka shigo ta tashar ruwa amma aka rage musu shekaru a takarda don a biya kuɗin fito kaɗan. Yawan irin waɗannan motoci ne ya sa a watan Maris na 2024 Hukumar Kwastam ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu su da su je su biya abin da ake bin su tare da tara. Abin da za ka nema a hannun mai sayarwa shi ne takardar bayanin kaya da ake kira SGD, wadda take ɗauke da wata lamba mai farawa da harafin C, da takardar ƙiyasin kuɗin fito, da rasit ɗin banki na biya, da takardar fitar motar daga tasha. Ganin takardun da ido ba ya isa, domin masu buga na bogi sun ƙware. Ka ɗauki kwafinsu ka je ofishin kwastam na garin da kake, kai da kanka ko wani amintacce naka wanda ba shi da alaƙa da dillalin, a shigar da lambar a kwamfuta a ga ko ta fito da wannan shasi, da wannan samfuri, da wannan shekara. Wanda ya ce maka ai motar ta yi shekara biyar tana yawo da lamba don haka zancen kwastam ya wuce, bai gaya maka daidai ba, domin rajistar jiha ba ta goge bashin kuɗin fito, kuma wanda aka kama da motar a hannunsa shi ne zai ji a jikinsa. Mu mutanen Bauchi muna da ƙarin dalilin yin hattara, tun da rundunar sintiri ta kwastam mai kula da Shiyya ta D a nan garin take da mazauni, kamar yadda ta Shiyyar B take Kaduna, ta Shiyyar A kuma Ikeja. Motar da ta tsallake shingayen hanya duka tana iya faɗawa hannu a ƙofar gida.

Daga nan sai batun mallaka. Sunan da ke kan takardar shaidar mallaka da lasisin mota ya kamata ya zama sunan mutumin da zai sa maka hannu, kuma ya nuna katin shaida mai hoto da ke ɗauke da wannan suna. Sau da yawa ba haka abin yake ba, domin mota takan bi hannu uku ko huɗu ba wanda ya sauya suna; idan haka ne, ka nemi yarjejeniyar kowane ciniki a jere, daga mai sunan farko har zuwa wanda ke gabanka, kada a sami gurbi. Motar gado tana buƙatar takardar kotun da ta raba gadon ko amincewar magada a rubuce, saboda babban ɗa shi kaɗai ba ya sayar da abin da 'yan'uwansa suke da rabo a ciki. Motar gwanjo ta gwamnati ko ta kamfani kuma sai da takardar gwanjon da rasit ɗinta. Ka shigar da lambar motar a shafin tantance lambobi na FRSC ka ga ko irin motar da ya nuna ita ce a gabanka, sannan ku je ofishin 'yan sanda tare da mai sayarwa a duba ko an taɓa kai rahoton sace ta. Mai sayarwa na gaskiya ba ya jin nauyin wannan tafiya. Wanda ya fara kawo uzuri, ko ya ce akwai wani mai saye da ke jira da kuɗi a hannu, ka bar masa motarsa, domin karɓar kayan sata laifi ne mai zaman kansa, kuma cewa ba ka sani ba magana ce da sai a gaban alƙali za ka yi ta bayan motar ta riga ta kwana a caji ofis.

Yarjejeniyar ciniki ba ta buƙatar dogon turanci, amma dole ta ƙunshi cikakken sunan mai sayarwa da mai saye da adireshinsu, da samfurin mota da launinta da shekararta, da lambar shasi da ta inji da ta rajista, da farashi da kwanan wata, da sa hannun shaidu biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. Yana da kyau a rubuta har da lokacin da aka miƙa makulli, saboda duk abin da motar ta aikata kafin wannan sa'a yana wuyan tsohon mai ita. Ka biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai sayarwa, ka rubuta lambar shasi a gurbin bayani, la'adar dillali kuma a biya ta daban. Idan akwai babbar kotu ko kotun majistare a kusa, ku shiga a yi takardar rantsuwa ta sauya mallaka a ranar, tun da za a neme ta a Bauchi kuma dawo da mai sayarwa daga Legas don sa hannu ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne.

Yanzu ga wurin da mutane suka fi saɓa doka da saninsu. Doka ba ta yarda mota ta hau titin gwamnati ba tare da rajista da lamba ba, kuma takardar kwastam shaida ce ta biyan kuɗin fito kawai, ba izinin tuƙi ba ce. Gaskiya ne kullum ana ganin tokumbo babu lamba suna tahowa Arewa a jere, kuma da yawa suna isowa, amma suna isowa ne da roƙo da ciko a kowane shinge, kuma ranar da aka yi haɗari babu inda direban zai dafa. Wannan matsala tana iya samun mai sayen tsohuwar mota ma, domin lamba tana rajista ne da sunan mai ita a rumbun bayanan FRSC, shi ya sa wasu masu sayarwa suke cire tasu kafin su miƙa mota, kuma suna da hujja. A tattauna wannan tun kafin a biya kuɗi. Idan motar za ta taho babu lamba, hanya mafi tsabta ita ce a ɗora ta a kan tirela mai ɗaukar motoci, inda take zama kaya, a ba direban tirelar kwafin takardun kwastam da rasit, a karɓi takardar ɗaukar kaya daga kamfanin, a ɗauki hoton motar ta kowane gefe kafin a ɗora ta, a kuma tambaya ko kamfanin yana da inshorar kaya a kan hanya. Daga Legas, idan aka lissafa man fetur da kwanan hanya da ladan direba da abin da ramuka za su yi wa ƙafafun motar, sau da yawa bambancin kuɗin bai kai yadda ake zato ba, kuma ni dai ita nake ba da shawara. Hanya ta biyu ita ce dillali mai rajista ya kawo maka ita da lambarsa ta dillalai, wadda aka ba shi don irin wannan aiki, da direbansa da takardar isar da kaya. Ta uku ita ce ka yi wa motar cikakkiyar rajista da sunanka a jihar da ka saye ta, ka jira lamba ta fito, sannan ka kama hanya. Abin da ba za a yi ba ko kusa shi ne aron lamba, wato a kwance ta wata mota a ɗaura wa wannan don a wuce shinge. Wanda aka kama babu lamba ya yi laifin hanya ne da ake biyan tara a kansa, amma wanda aka kama da lambar wata mota zargin sata ko fashi zai fara amsawa. A kuma lura da launin rubutun lamba: shuɗi na motar gida ne, ja na haya, kore na gwamnati, don haka wanda ya sayi tsohuwar tasi ko motar ofis don amfanin gida ya san sauya lamba na jiransa.

Inshora aikin minti kaɗan ne amma ana wasa da ita. Inshorar tsohon mai mota yarjejeniya ce tsakaninsa da kamfani, ba ta bin mota zuwa hannunka, saboda haka ka yanki taka da sunanka kafin ka tayar da inji. Mafi ƙanƙantar abin da doka ta wajabta shi ne inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, wadda hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ta mayar da kuɗinta Naira 15,000 a shekara ga motar gida daga Janairun 2023, tana kuma biyan ɓarnar dukiya har zuwa Naira miliyan 3. Daga 1 ga Fabrairu, 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tilasta ta a faɗin ƙasa. Wadda ake yankar wa mutane a gindin bishiya kusa da ofishin lasisi a kan 'yan dubbai kaɗan yawanci takarda ce kawai. Ta gaskiya tana bayyana a rumbun bayanan kamfanonin inshora da ake kira NIID, kuma kana iya dubawa da wayarka kafin ka bar wurin.

Lasisin mota da takardar shaidar lafiyar mota duk shekara ake sabunta su, don haka ka duba kwanan watan da ke kansu, idan sun ƙare a sabunta kafin tafiya. Wasu direbobi sun riƙe hukuncin da Babbar Kotun Tarayya ta yanke a Abuja a watan Oktoban 2024, wanda ya hana jami'an VIO tsayar da motoci da kama su da cin tara, amma ƙarar a kan hukumar Babban Birnin Tarayya aka shigar da ita, kuma ba hikima ba ce mutum ya tsaya yana karanta wa jami'in Filato ko Nasarawa hukuncin kotu da takardar da ta ƙare a hannunsa. Jihohi ma suna da nasu jami'an hanya, LASTMA a Legas, KASTLEA a Kaduna, KAROTA a Kano, BAROTA a nan gida.

Direba kuma ya riƙe lasisinsa na asali wanda bai ƙare ba. Idan wani za ka ɗauka ya kawo maka motar, ka ga lasisinsa da idonka, ka ba shi takardar izini mai sa hannunka wadda ta ambaci sunansa da lambar shasi da inda zai kai ta, ka bar wayarka a kunne har ya iso, ka kuma gargaɗe shi kan ɗaukar fasinja ko saƙon da bai san abin da ke ciki ba, domin abin da aka samu a motar sunanka zai fara kira.

Kafin a tashi, a shiga gareji a sauya baƙin mai, a duba birki da ruwan lagireto da fitilu da abin goge gilashi. A but ɗin mota a tabbatar akwai safaya mai iska, da jak, da abin kwance taya, da abin kashe gobara wanda allurarsa take kan kore, da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a bayan mota idan ta lalace. Tayoyin tokumbo sukan yi kyau a ido alhali sun tsufa. Ka durƙusa ka nemi inda aka rubuta DOT a gefen taya, ka bi rubutun zuwa lambobi huɗu na ƙarshe: idan ka ga 2319, an yi tayar ne a mako na 23 na shekarar 2019. FRSC tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta ƙare, kuma tayar da aka yi don ƙasar sanyi ba ta jure zafin kwaltarmu a watan Afrilu. Idan gilasan motar masu duhu ne, doka tana neman izinin 'yan sanda, kuma izinin tsohon mai ita ba naka ba ne. Wanda aka manna da leda gara a ɓare shi kafin tafiya.

Daga Kano ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi tafiyar kimanin kilomita 300 ce, ana yin ta da hantsi. Daga Abuja ta Keffi da Akwanga da Jos ta kai kimanin kilomita 400, kuma a nan ne za a gwada motar da gaske, domin Hawan Kibo yana tona asirin lagireto mai rauni, gangaren Panshanu tsakanin Jos da Bauchi kuma yana tona na birki. Daga Legas tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma motar da ba ka san halinta ba bai kamata a yi mata ita a yini ɗaya ba. A kwana a Lokoja ko Abuja a wurin da yake da katanga da mai gadi. A tashi bayan sallar asuba, a sauka kafin magariba. Masu bin dare don kauce wa shinge suna musayar tambayar jami'i ne da abin da ya fi ta muni. Iyakar gudu ga motar gida ita ce kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, kuma lambar kiran gaggawa ta FRSC ita ce 122.

A shingen bincike, ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke gilashi, ka yi sallama. Idan jami'i ya ce, "Malam, ina takardun mota?" ka amsa da cewa, "Ga su, yallaɓai, jiya na saye ta a Abuja, gida Bauchi zan kai ta, ga yarjejeniyar ciniki a sama," domin gara ya ji daga bakinka cewa sunan da ke lasisin motar ba naka ba ne da ya gano da kansa. Ka jera kwafi a fayil ɗaya su ne za ka fara miƙawa, na asali kuma suna wani wuri a jikinka, ka fito da su idan an nema, ka kuma ajiye hotunansu a waya. Idan jami'in FRSC ya rubuta maka tara, ka karɓi takardar ka biya ta banki, ba a hannunsa ba. Idan kwastam suka ce za su tafi da motar don bincike, kada ka yi gardama a bakin titi, ka nemi takardar tsarewa mai ɗauke da sunan ofishin da za a kai ta, ka cire kayanka, ka bi su.

Da ka iso, kada ka bari murnar 'yan'uwa da masu zuwa sa albarka ta ɗauke maka hankali daga sauya suna. A makon farko ka kai motar ofishin lasisin motoci da ke ƙarƙashin hukumar tattara kuɗin shiga ta Jihar Bauchi, da takardun kwastam, da yarjejeniya da rasit, da takardar rantsuwa, da tsofaffin takardun motar, da inshorarka, da lambarka ta NIN da hotuna. Jami'an VIO za su duba motar su gwada lambar shasi da ta inji, sannan a fitar da takardar mallaka da lasisin mota da sunanka, da sabuwar lamba idan ana buƙata. Ka tambayi kuɗin kowane abu a cikin ofis, ka karɓi rasit na gwamnati, ka bar masu tarar mutane a bakin ƙofa. Idan lamba ta sauya, ka sanar da kamfanin inshora su gyara takardarsu, sannan bayan 'yan kwanaki ka shigar da sabuwar lambar a shafin FRSC ka tabbatar ta fito. Tsofaffin takardu masu sunan wanda ya sayar maka, da na kwastam na asali, a ajiye su a gida wuri mai kyau, domin duk wanda zai sayi motar daga hannunka nan gaba zai nemi ganin su.